Kiɗa, Dirama da Namiji Cikin Zane: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kan Wasannin Biki a Mubi

Mubi gari ne mai lokacin biki fiye da ɗaya. Akwai Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Mauludi, waɗanda ke bin lissafin wata, suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Akwai Kirsimeti da Sabuwar Shekara, su kuwa ba sa gusawa, kullum cikin hunturu suke zuwa, bayan an kai masara da dawa da gyaɗa gida, manomi ya ɗan ji nauyin aljihunsa. Ga kuma bukukuwan aure da ake tarawa a ƙarshen shekara, saboda a lokacin ne 'yan gari masu aiki a Yola da Abuja da Legas suke dawowa ganin gida. A garin da Fali da Gude da Njanyi da Margi da Higi da Fulani da Hausawa ke cin kasuwa ɗaya, da wuya a sami gidan da bikin maƙwabci ba ya shigarsa, ko da kwanon abinci, ko da amon ganga ta kan katanga.

Kowane ɗayan waɗannan lokuta yana tafe da kiɗa da wasan kwaikwayo. Wani lokaci kuma yana tafe da abin da ke ta da ƙura: namiji ya ɗaura zane, ya kafa ɗankwali, ya fito gaban jama'a yana magana irin ta mata. Wasu su yi dariya har da hawaye, wasu su tashi su bar wurin, wasu su ɗauki hoton bidiyo su watsa. Yawancin gardamar da ke biyo baya tana faruwa ne saboda an haɗa abubuwa daban-daban an ba su suna ɗaya. Amma kafin mu kai can, bari mu fara da kiɗan.

Kiɗan fada, kiɗan coci, kiɗan tikiti

Kiɗan da ya fi tsufa shi ne na fada, kuma ba a sayen tikitinsa. Ranar Sallah bayan an sauko daga Idi, Sarkin Mubi, Alhaji Abubakar Isa Ahmadu, da hakimansa da masu sarauta kan fito, makaɗa na biye. Kakaki, dogon ƙahon ƙarfen nan, na sarauta ne, ba a busa wa kowa shi don yana da kuɗi. Mai algaita kuwa ku lura da kumatunsa: yana tara iska a baki yana turawa, a lokaci guda yana shaƙar wata ta hanci, shi ya sa busar ba ta yankewa. Irin wannan kiɗa za ku ji a fadojin Borno da Yola, za ku ji shi kuma a ƙetaren iyaka, a fadojin lamiɓen Garwa da Marwa cikin Kamaru. Tun kafin a shata iyakar yake tafiya tsakanin garuruwan nan.

Na biyu shi ne kiɗan coci, wanda ke cika gari tun daga farkon Disamba. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta samo asali a Garkida a 1923, hedkwatarta kuma tana Kwarhi, ba nisa da Mubi. Ga cocin LCCN, ga Katolika, ga sauran majami'u. Wanda bai taɓa jin Zumuntar Mata na waƙa ba, akwai abin da bai sani ba game da kiɗan Arewa. Mata ne sanye da zane iri ɗaya, ɗaya ta bayar, sauran su amsa, kayan kiɗansu tulun ƙasa da ake bugun bakinsa ya ba da amo mai zurfi, da ganga, da caki, da ƙarfen da ke riƙe lokaci. Suna rerawa da Hausa, su juya zuwa Margi ko Higi ko Fali, su dawo. A 2015, lokacin da dubban 'yan EYN ke gudun hijira, ƙungiyar mawaƙan Zumuntar Mata ta cocin ta zagaya Amurka tana waƙa, tana ba da labarin abin da ya sami garuruwansu. Ban da su akwai ƙungiyoyin Sabon Rai, da 'yan Birged masu ganguna da bigila, da matasan da ke bin gida-gida da waƙoƙin Kirsimeti, da taron daren 31 ga Disamba da ake raya shi da waƙa har shekara ta shigo. A ganina, idan ana neman kiɗan da har yau hannu da maƙogwaro ke yinsa nan take, babu na'ura a tsakani, to a wuraren nan biyu ya fi ƙarfi: ƙofar fada da cikin coci.

Na uku shi ne na kasuwa, wanda ake kira gala ko shagalin Sallah ko casun ƙarshen shekara. Wani ya kama zauren otal ko fili, ya buga fosta, ya gayyato mawaƙi ko ɗan fim, ya sa kuɗin shiga. A nan akwai abin da ya kamata mai sayen tikiti ya sani. Yawancin waƙoƙin Hausa na zamani a ɗakin ɗaukar sauti ake haɗa su da fiyano da kwamfuta, don haka idan mawaƙi ya hau dandamali, sau da yawa waƙar da aka riga aka ɗauka ce ake sakawa a lasifika, shi kuma ya ɗora muryarsa a kai, ko ma ya bi ta da baki kawai. Wannan ba zamba ba ce in dai kowa ya san abin da ya saya. Zambar ita ce a lika hoton babban mawaƙi a fosta alhali ba a yi magana da shi ba, ko an yi amma ba a ba shi kafin alƙalami ba. Mawaƙan yanzu kusan duk suna da shafi a Facebook ko Instagram ko TikTok, kuma wanda zai zo gari yakan faɗa da bakinsa. In ba ku ga ya faɗa ba, ku tambaya kafin ku biya.

Tsadar tikiti ma tana da dalili. Mubi na da tazarar kusan kilomita 200 daga Yola, inda filin jirgin sama yake, balle a ce daga Kano aka ɗauko mutum da yaransa. Ga masauki, ga hayar zaure da lasifika, ga janareta da zai kwana yana shan mai. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024, kowane ɗayan waɗannan ya ninka. Wannan ne ya sa masu biki da yawa suka koma ɗaukar DJ guda da akwatin sautinsa maimakon ƙungiyar makaɗa.

Wanda ya yi asara a wannan sauyi shi ne mai kalangu da mai ganga da mai garaya da matan kiɗan ƙwarya. Abin da su Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, suka iya shi ne kallon taro su gina waƙa a kansa: wane ya shigo, ɗan wane ne, me kakansa ya yi, sai ga shi cikin baiti. Na'ura ba ta san wanda ya shigo ba. Har yau akwai ƙananan makaɗa a unguwanni da ƙauyukan Mubi da ke da wannan baiwa, kuma ina ganin duk mai biki da ke da hali ya kamata ya ware musu awa guda da kuɗin da aka yi ciniki tun farko, kada a bar su da dogaro ga liƙi kaɗai.

Tun da an ambaci liƙi, ga wani abu da mutane da yawa ba su ɗauka da gaske ba sai kwanan nan. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta watsa naira a wurin biki da taka ta da rawa a kanta, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. An daɗe ba a aiki da dokar, amma daga 2024 hukumar EFCC ta shiga gurfanar da fitattun mutane a kanta. Miƙa kuɗi hannu da hannu, ko zubawa a faranti ko ambulan, ko turawa ta waya, duk suna isar da alheri ga makaɗi ba tare da an jawo wa kai shari'a ba.

Abin da taro ke nufi a wannan gari

Wanda ba ɗan yankin ba zai iya ɗaukar cikar fili da 'yan kallo abu ne na yau da kullum. Mutanen Mubi sun san ba haka ba ne. A daren 1 ga Oktoban 2012 aka bi ɗalibai har ɗakunansu a Wuro Patuji aka kashe. Ranar 1 ga Yunin 2014 bam ya tashi a unguwar Kabang cikin mutanen da suka fito kallon ƙwallo. Ranar 29 ga Oktoban shekarar Boko Haram ta kama garin baki ɗaya, ta sauya masa suna, jama'a suka bazama duwatsu da Kamaru da Yola, sai a tsakiyar Nuwamba maharba da 'yan banga da sojoji suka ƙwato shi. Bayan an dawo ma, bam ya tashi a masallaci lokacin sallar Asuba ranar 21 ga Nuwamban 2017, wasu biyu kuma suka tashi a masallaci da kasuwa ranar 1 ga Mayun 2018. An yi shekarun da haɗuwar mutum ɗari a wuri guda abin fargaba ne, an yi Sallah da Kirsimeti da dokar hana fita.

Saboda haka idan aka tsayar da ku a ƙofar coci ko filin wasa ana caje jaka, kada ranku ya ɓaci. Mai shirya taro kuma ya sanar da 'yan sanda da mai unguwa, ya tabbata ƙofar fita ta fi ɗaya kuma ba a kulle take ba, kada ya sayar da tikitin da ya fi ƙarfin zauren. Ba bam kaɗai ke kisa a taro ba. A Disambar 2024 yara 35 suka mutu a turmutsitsin wani bikin yara a Ibadan, kwana uku bayan haka aka sake yin irinsa a Abuja da Okija wajen rabon abinci. Duk inda aka ce za a raba kyauta ga waɗanda suka riga zuwa, a nan ake fara ture-ture. Abin fashewar nan da yara ke wasa da shi lokacin Kirsimeti ma 'yan sanda kan hana shi kusan kowace shekara, kuma a garin da kunnuwa suka san ƙarar bam, dalilin a fili yake.

Dirama ba baƙuwa ba ce

Mutane kan ɗauka wasan kwaikwayo ya zo ne da makarantar boko ko talabijin. Rubutaccensa ne ya zo ta nan, irin littattafan Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, sai kuma zamanin Samanja da Kasimu Yero da Karkuzu a rediyo da talabijin, har aka kai ga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan Kano. Amma kwaikwayon kansa ya girmi duk waɗannan, kuma tun asali da lokacin biki yake tafiya.

Tashe yana farawa ne idan azumi ya kai kwana goma. Yara su shafa toka ko bula, su manna gemun auduga, su bi gida-gida da Jatau Mai Magani ko Macukule, a Kano kuma Nalako ya fito farautar gwauraye. Kalankuwa wasan kaka ne: bayan girbi samari da 'yan mata su naɗa nasu gwamna da alƙali da ɗan sanda da likita, su yi kwanaki suna gudanar da mulkin wasa. A cikin coci kuwa, daren Kirsimeti ko ranarsa matasa kan nuna labarin haihuwar Yesu, da makiyaya da masanan gabas da Sarki Hirudus, sannan su biyo da gajeren wasa kan abin da ke damun unguwa, kamar miji mashayi, ko ɗalibin da ya cinye kuɗin makaranta, ko gulmar maƙwabta. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Jihar Adamawa, duka a Mubi, su ma suna da ranakun al'adu inda kowace ƙabila ke fito da rawarta. Sai gidajen dirama na dare da ake samu a garuruwan kasuwa da dama a Arewa, inda ake haɗa gajeren wasa da rawa a karɓi kuɗin ƙofa. Su sunansu ya ɓaci a wurin iyaye da malamai, galibi saboda rawar da abin da ke kewaye da ita, kuma ba wurin kai yaro ba ne.

Namijin da ya fito a mace

Abu uku ne a nan, kuma kowanne da hukuncinsa a idon jama'a.

Na farko shi ne shigar wasa. Labari yana bukatar uwa ko amarya ko kishiya, babu macen da za ta hau, sai wani saurayi ya ari zanen yayarsa. An gama wasa ya cire, ya koma shagonsa. Makarantun kwana na maza sun yi haka, ƙungiyoyin dirama na farko sun yi haka a zamanin da iyaye ba sa barin 'ya mace ta fito gaban taro. Akasin haka ma yana nan: a tashen 'yan mata na Mairama da Daudu, yarinya ce ke sa riga da hula ta zama mijin, a wasan gauta kuma matan fada ne ke yin shigar sarki da hakimansa suna kwaikwayon yadda suke mulki, sarkin na kallo yana gane kurakuransa. Ba mu kaɗai ba ne. A Ingila ta zamanin Shakespeare yara maza ke fitowa a mata, sai a 1660 mace ta fara hawa dandamali a can. A Japan an hana mata wasan kabuki a 1629, har yau maza ke yin rawar mata a cikinsa. A ƙasar Yarbawa maza ne ke sa kayan Gelede don girmama iyaye mata. Wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne wasan Kirsimeti na Ingila da suke kira panto: iyalai ke zuwa da 'ya'yansu, kuma bisa al'ada tsohuwar da ke cikin labarin namiji ne ke yinta, kowa ya sani, abin dariyar ke nan.

Na biyu shi ne daudu. Wannan ba kayan wasa ba ne da ake cirewa bayan an tashi, hanyar rayuwa ce da sana'a. 'Yan daudu sun daɗe a garuruwan Hausa, ana saninsu da magana da karairaya irin ta mata, da dafa abincin sayarwa a tasha da kasuwa, da suyar kaji, da hidimar biki, a da kuma da zama kusa da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren bori. Da yawansu ba sa ma sa kayan mata gaba ɗaya, riga da wando ne, sai dai a ɗaura zane a kai lokacin aiki ko a yafa gyale. Akwai masu mata da 'ya'ya a cikinsu, akwai waɗanda suka je Makka. Wani masani ɗan Amurka, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafi a kansu a 2009. Jama'a sun daɗe suna cin abincinsu suna dariyar habaicinsu, suna kuma ƙyamar a ce ɗansu ne. Finafinan Hausa sun ɗauki wannan hali suka mai da shi abin barkwanci: marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya yi Ibro Ɗan Daudu, Ado Gwanja ma da irin wannan fitowa aka fara saninsa a fim kafin waƙa ta ɗaukaka shi. Ɗan wasan da ya kwaikwayi ɗan daudu yana cikin kashi na farko, ko da yake 'yan kallo kan manta da haka.

Na uku shi ne abin da ake kira drag a Amurka da Turai, wanda matasanmu ke gani a waya. Can sana'a ce mai zaman kanta: namiji ya yi kwalliyar mata wadda ta wuce ƙima da gangan, gashin kanti da dogon takalmi, ya yi waƙa ko rawa ko barkwanci a gidan rawa, lokacin Kirsimeti har da zagayen birane. Ya taso ne daga gidajen rawa na masu neman jinsi ɗaya kuma yana da alaƙa da fafutikarsu, shirin talabijin na RuPaul da aka fara a 2009 ya kai shi ko'ina. A can ma ana gardama a kansa, musamman kan ko ya dace yara su kalla. Irin wannan ba shi da dandamali a Mubi ko wani garin Arewa, kuma kuskure ne a ga yaron tashe da ɗankwali a ce ga shi ya iso.

Matsayin addini ba ɓoyayye ba ne. Akwai hadisi a Sahihul Buhari daga Ibn Abbas da ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza, a Littafi Mai Tsarki kuma Kubawar Shari'a 22:5 ta hana musayar tufafi tsakanin jinsin biyu. Da wannan ne malamai da fastoci da yawa ke cewa ko a wasa bai kamata ba, wasu kuma suna sassautawa idan kowa ya san kwaikwayo ne kuma darasi ake son isarwa. Uban da ya ce ɗansa ba zai ɗaura zane a dirama ba yana da hujjarsa, kuma ya kamata shugaban ƙungiya ya girmama ta. Yau da 'yan mata ke shiga wasa a makaranta da coci, larurar da ta sa maza yin haka a da ta ragu ƙwarai, sau da yawa abin da ya rage neman dariya ce kawai. Ni kam na fi son a ba mace matsayin mace, don ta fi sanin yadda uwa ke magana, kuma dariyar da ake samu daga namiji mai murguɗa baki yawanci mata ake yi wa ita.

Me doka ta ce?

Adamawa ba ta cikin jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a fannin laifuka daga 1999 zuwa 2001, don haka abin da Hisbah ke yi a Kano ba shi ne tsarin Mubi ba. Sai dai tsohon kundin Penal Code na Arewa na 1960, wanda jihohin Arewa suka gada, a sashe na 405 ya sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan zaman banza da za a iya hukuntawa. A Agustan 2007 an kama maza 18 a wani otal a Bauchi, batun shigar mata na cikin tuhumar da aka yi musu. Dokar hana auren jinsi ɗaya da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ba ta yi maganar tufafi ba, amma ta sa zargi ya yi nauyi, har ana kama mutane a wurin biki bisa zato. A 2022 ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Toro ta jihar Bauchi, Muda Lawal Umar, ya kawo ƙudurin hana shigar jinsin da ba na mutum ba a duk faɗin ƙasa, da ɗaurin wata shida ko tarar naira 500,000. Ƙudurin bai zama doka ba, amma abin lura shi ne ko shi ya keɓe wasan kwaikwayo da nishaɗin jama'a na gaskiya, ya ce ban da su. A Kano kuwa, Hukumar Tace Finafinai ƙarƙashin Abba El-Mustapha ta hana nuna daba da daudu a finafinai a 2024, rundunar 'yan sandan jihar kuma ta sha dakatar da tashe a 'yan shekarun nan, ba don shigar yara ba, don 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi. Tunda mawaƙa da 'yan wasan da ake gayyatowa Mubi yawanci daga Kano suke, abin da aka hana su a can yana rage abin da za su yarda su yi a nan.

Babu wata doka, ta ƙasa ko ta addini, da ta ba taron jama'a ikon dukan mutum ko yaga masa kaya ko zagaya gari da shi saboda shigarsa. Wanda ya ga abin da yake ganin laifi ne, ga mai unguwa, ga limami ko fasto, ga ofishin 'yan sanda. Mutumin da ke soya kaji a bakin tasha yana karairaya ɗan wani ne, jininsa da mutuncinsa haramun ne kamar na kowa, ko da kuwa kun ƙi halinsa har cikin zuciya.

Haɗarin da ya fi sabunta yana cikin aljihunmu. A da, yaron da ya fito a matsayin kishiya a wasan makaranta, mutum ɗari biyu ne suka gan shi, duk sun san shi, sun san uwarsa, sun ga farkon labarin da ƙarshensa. Yau wani zai yanki daƙiƙa ashirin, daidai inda yake tafiya yana rangwaɗa, ya ɗora a TikTok ko ya tura zauren WhatsApp da rubutun da ya ga dama. Waɗanda za su gani a Kaduna ko Maiduguri ba su san dirama ce ba, ba su san a harabar coci ko filin makaranta aka yi ba. Sunan da za a laƙaba masa zai iya binsa har wurin neman aure da neman aiki, kuma abin da ya hau intanet ba ya saukowa don an ce a yi haƙuri. Masu shirya wasa su faɗa wa 'yan kallo tun kafin a fara ko an yarda a ɗauka ko ba a yarda ba. In ƙungiya za ta ɗora wasanta, ta ɗora shi cikakke da sunan wasan da wurin da aka yi shi. Yaron da bai kai shekara 18 ba kuma, a nemi izinin iyayensa kafin a ba shi irin wannan matsayi, a sake neman izininsu kafin a saki hotonsa.